Girin-kad ta aiki ko ta aure: abin da ɗan Nijar zai auna kafin ya ajiye dosiye

Waɗanda suke da zaɓi na gaske tsakanin hanyoyin nan biyu na samun girin-kad, wato katin zama dindindin a Amurka, ba su da yawa. Galibi ɗalibi ne da ya fita daga jami'ar Abdou Moumouni ko ta Tawa, ya tafi Amurka ƙaro karatu, ya gama masta, kamfani ya ɗauke shi aiki, ga kuma maganar aure ta kankama tsakaninsa da wata ƴar gida da aka haifa a Greensboro ko Bronx. Ko kuwa mace ce ma'aikaciyar jinya, mijinta na da katin zama, ita kuma wani asibiti na son ɗaukarta. Sauran jama'a ƙofa ɗaya ce a gabansu, wasu ma babu ko ɗaya, kuma gara su sani tun wuri, kafin iyaye a gida su sayar da fili ko shanu su tura wa dillali kuɗi.

A hanyoyin biyu duka, in ka ɗebe wasu rukunai kaɗan, wani ne ke nema maka katin. A ta aure, matarka ko mijinki ne ke sa hannu a takarda ta farko. A ta aiki, kamfani ne. Wanda ya sa hannun kuma yana da ikon janyewa. Shi ya sa tambayar "wacce ta fi sauri" ba ta wadatar ba. Sai an haɗa da wata: a hannun wa za ka ajiye shekarunka uku ko huɗu masu zuwa, kuma in ya sake ka a tsakiyar hanya, me doka ta bar maka?

Duk inda muka ce dala a nan, ta Amurka muke nufi, kuma kuɗin takardun na jadawalin da ya fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2024 ne.

Halin da fasfon Nijar yake ciki

A ƙarshen Yulin 2025 ambasad ɗin Amurka a Yamai ya dakatar da bayar da biza ga jama'a. Ranar 16 ga Disamban 2025 shugaban Amurka ya sa Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, cikin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya, daga 1 ga Janairun 2026. Umarnin da aka yi a Yunin 2025 kan wasu ƙasashe ya bar wa mata da ƴaƴan ƴan ƙasa kafa, amma na Disamba ya toshe ta. Waɗanda bai taɓa ba su ne masu girin-kad a hannu, da masu bizar da ke aiki tun kafin ranar, da masu ƙasa biyu in sun yi tafiya da fasfon ƙasar da ba ta cikin jerin. Fasfon Najeriya, Benin ko Kodebuwa, wanda ƴan Adar da yawa da aka haifa a can suke da shi, ba ya warware matsalar, domin su ma an dakatar musu da bizar zama. A cikin Amurka kuma, hukumar USCIS mai kula da takardun shige da fice ta ba da umarnin jingine yanke shawara kan dosiyoyin ƴan ƙasashen da ke cikin jerin.

Waɗannan matakai na shugaban ƙasa ne da ma'aikatunsa, sa hannu ɗaya na iya ɗage su ko ƙara tsananta su, kotu ma na iya shiga tsakani. A duba inda aka tsaya ranar da za a ajiye takarda. Abu biyu dai sun fito fili. Na ɗaya, ba a hana ajiye takardar farko ba, kuma ranar da aka karɓe ta ita ce lambarka a layi, don haka jira a banza asara ce. Na biyu, wanda yake cikin Amurka da bizar karatu ko ta aiki kada ya sayi tikitin zuwa gida ɗaurin aure sai ya zauna da lauya, domin in bizar da ke cikin fasfonsa ta ƙare, fita na iya zama fita ke nan.

Hanyar aure

Auren ɗan ƙasa daban, auren mai girin-kad daban, kuma a nan mutane ke yawan ruɗewa. Matar ɗan ƙasa ko mijin ƴar ƙasa ba sa bin layi, domin doka ba ta ƙayyade musu adadi a shekara ba, jiran da suke yi na aikin ofis ne, wanda yakan wuce shekara ɗaya. Matar mai girin-kad kuwa tana rukunin F2A, mai gurbi kusan 87,900 a shekara ga duniya baki ɗaya. Daga 2019 zuwa 2023 babu layi a wannan rukuni, daga baya ya dawo. In mai neman ya zama ɗan ƙasa ana cikin jira, sai ya sanar da hukuma a ɗaga dosiyen zuwa rukunin marasa layi.

Takardar farko I-130 ce: dala 675 a kan takarda, 625 ta intanet. In matar tana gida, bayan an amince sai dosiye ya koma cibiyar NVC mai tattara takardun bizar zama, a biya 325 na biza da 120 na duba takardar ɗaukar nauyi, a cike takardar neman biza DS-260, a je wajen likitan da ambasad ya amince da shi, a yi ganawa, sannan a biya 235 na buga kati. Jimilla 1,355 ke nan, ban da likita, fassara da kuɗin jirgi. In kuwa mutum yana cikin Amurka kuma ɗan ƙasa ya aura, ana haɗa I-130 da I-485, takardar neman kati ba tare da fita ba, a aika tare. I-485 dala 1,440 ce, izinin aiki 260, izinin fita da komawa 630. Wanda ya fita kafin izinin tafiyar ya fito, ana ɗaukar ya yi watsi da dosiyensa, sai dai in yana riƙe da bizar aiki ta H-1B ko L-1 mai rai.

Sai takardar I-864, wadda mutane ke sa wa hannu ba tare da sun karanta ba. Mai neman yana yi wa gwamnati alkawarin ɗaukar nauyi, kuma dole abin da yake samu a shekara ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci: a 2025, dala 26,437 ga gida mai mutum biyu, 33,312 ga mai uku. Abin da aka bayyana wa hukumar haraji shi ake dubawa. Direban tasi ko mai kitso da ke samun kuɗi sosai amma yake rage adadi lokacin biyan haraji, a nan abin ke kama shi. Ana iya kawo mai tsayawa na biyu, amma a gaya masa gaskiya: saki ba ya kashe wannan alkawari. Yana nan har sai wanda aka ɗauki nauyinsa ya zama ɗan ƙasa, ko ya cika kimanin shekara 10 yana aiki, ko ya bar ƙasar dindindin, ko ɗayansu ya rasu.

Inda aurenmu ke tuntuɓe da dokarsu ya fi kuɗin muhimmanci. A wajenmu waliyyi da wakili su zauna a ƙofar gida ko masallaci, a yanka sadaki, a shafa fatiha, a raba goro da dabino, aure ya ɗauru ko da ango yana Harlem. Dokar shige da fice ta Amurka ba ta ɗaukar mutum miji ko mata in ba su kasance wuri ɗaya ba lokacin ɗaurin, sai fa in sun tare bayansa. Zaman da suka yi kafin ɗaurin ba ya cikin lissafi. Wanda aka ɗaura masa aure a Tawa yana can, ya aika I-130 bai zo gida ba tukuna, za a ƙi takardar ko da auren na gaskiya ne. Maganin shi ne ya zo, su zauna tare, ya ajiye tikiti, hatimin shiga da fita na fasfo da hotuna masu kwanan wata, sannan ya ajiye dosiye.

Takardar liman ita kaɗai ba ta isa ba. Sai an rubuta auren a meri an karɓi takardar aure, in kuma wa'adi ya wuce, a bi ta jastis a samo hukuncin da ke maye gurbinta. Haka saki. Wanda ya taɓa aure, namiji ko mace, sai ya nuna takardar kotu da ta tabbatar auren farko ya mutu kafin ranar na biyu, ko takardar rasuwa. Saki na baka a gaban iyaye ba hujja ba ne a wajensu.

Maganar mace fiye da ɗaya kuma ba ta da kwana. Auren farko kaɗai suke ganewa muddin yana raye. Mai mata a Yamai da ya je ya auri Ba'amurkiya ba tare da saki na shari'a ba, aurensa na biyu babu shi a idon doka, katin da aka samu ta kansa kuma ana iya ƙwace shi ko bayan shekaru, galibi ranar da aka je neman zama ɗan ƙasa aka sake buɗe tsohon dosiye. Dabarar nan ta a yanko takardar saki ta ƙarya, a auri ƴar ƙasa, a samu kati, a rabu, a dawo a "sake auren" uwargida, jami'ansu sun san ta sarai. Doka ma ta tanadi mata shinge: wanda ya samu kati ta aure ba ya nema wa sabuwar mata sai bayan shekara 5, in ba ya kawo hujja mai ƙarfi ƙwarai cewa auren farkon na gaskiya ne, ko kuwa rasuwa ce ta raba su ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ke jawo jinkiri na watanni. Suna ɗaya a rubuce iri uku: Mahamadou a takardar haihuwa, Mohamed a dipilom, Mamane a takardar aure. Ranar haihuwa da aka yi wa kintace aka sa 1 ga Janairu. Bayanin da mutum ya bayar shekarun baya lokacin neman bizar karatu ko cacar biza, inda ya ce ba shi da aure ko ya ɓoye ɗa, duk yana ajiye a kwamfutarsu, kuma ƙarya a kan abin da ya shafi biza haramci ne na har abada. Auren zumunci tsakanin ƴaƴan wa da ƙani halal ne a nan, amma wasu jihohin Amurka ba su yarda da shi ba, a duba dokar jihar da za a zauna. Sai kunya. Amarya da aka tarbiyyantar ba ta kama sunan miji, ba ta san ranar haihuwarsa ba, ba ta taɓa tambayar nawa yake samu ko sunan kamfaninsa ba, jami'in da bai san al'ada ba yana iya ɗaukarta baƙuwa ce gare shi. Ku zauna ku gaya wa juna waɗannan abubuwa kafin ganawa. Ba haddar ƙarya ba ce, sanin juna ne irin wanda suke tambaya. A haɗa da rasit ɗin kuɗin da ake aikowa, hirarrakin WhatsApp, hotunan biki da dangin ɓangarorin biyu, in kuma ana zaune tare a can, kwangilar haya, asusun banki, inshora da takardar haraji masu sunan mutum biyu.

In auren bai kai shekara 2 ba ranar da aka ba da katin, kati mai sharaɗi ake bayarwa, na shekara 2. Cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya ƙare, miji da mata su aika I-751 tare, dala 750, da sababbin hujjoji na zaman da suka yi. Wannan shekara biyu ita ce raunin hanyar aure, domin wasu mazan, da wasu matan, suna mai da ita sanda. Ƴar'uwa da ke cikin wannan hali ta sani doka ba ta ɗaure ta ba. In an rabu, tana iya aika I-751 ita kaɗai da takardar saki da hujjar cewa da niyyar zama aka yi auren. In duka ne ko azabtarwa, ba sai ta jira saki ba. In ma ba a kai ga katin ba, akwai I-360 da take cikewa da kanta ba tare da sanin mijin ba, kuma namiji da aka zalunta shi ma yana da wannan dama. Wadda mijinta ɗan ƙasa ya rasu tana da shekara 2 ta nema da kanta.

Auren kwangila kuwa, wanda ake biyan kuɗi a yi hoto, hukuncinsa ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai dala 250,000. Abin da ya fi wannan muni shi ne sashe na 204(c): wanda aka samu da auren ƙarya, ba za a sake amince wa wata takardar neman kati dominsa ba har abada, ko ta aure na gaskiya daga baya, ko ta kamfani. Ya rufe ƙofofin biyu da hannunsa. Muna faɗin wannan da ƙarfi domin matasa da yawa masu ilimin da zai kai su ta hanyar aiki sun ƙone kansu saboda gaggawa.

Hanyar aiki

Gurbi 140,000 ne a shekara, kuma mata da ƴaƴa a ciki ake ƙirga su. Rukunai uku na farko kowanne na da kashi 28.6 cikin ɗari. EB-1 na fitattu ne a fagensu, manyan masu bincike da manajojin kamfanonin ƙasa da ƙasa. EB-2 na masu masta ne, ko digirin farko da shekara 5 na aiki mai ci gaba. EB-3 na masu digirin farko ne da masu sana'ar da ke buƙatar horon shekara 2, sai ƙaramin sashe na aikin ƙarfi wanda bai wuce gurbi 10,000 ba, layinsa kuma ya fi na kowa tsawo. Babu ƙasar da ke ɗaukar fiye da kashi 7 cikin ɗari, shi ya sa ƴan Indiya ke jiran shekaru fiye da goma. Ɗan Nijar yana layin sauran duniya, wanda ya fi gajarta nesa ba kusa ba, kuma ƙasar haihuwa ake dubawa a nan, ba fasfo ba.

Ga mafi yawan mutane matakin farko PERM ne, wato shaidar ma'aikatar ƙwadago cewa ba a samu Ba'amurken da zai yi aikin ba. Kamfani ya nemi a yanka masa albashin da ya dace da aikin a wannan gari. Sannan ya yi cigiyar ma'aikaci da gaske: talla a jaridar Lahadi sau biyu, sanarwa ta kwana 30 a ofishin ƙwadago na jiha, takarda manne a wurin aiki kwana 10 na aiki, da ƙarin hanyoyi uku in aikin na masu digiri ne. In Ba'amurke ɗaya da ya cika mafi ƙarancin sharuɗɗan ya nema kuma yana so, magana ta tsaya, ko da ka fi shi iyawa. In ba a samu ba, a aika takardar PERM, wato ETA-9089. A 2025 wannan mataki kaɗai, daga farko zuwa amincewa, yakan ci kusan shekara biyu. Bayan amincewa kamfani na da kwana 180 ya aika I-140, takardar da yake nema maka katin da ita, dala 715 da ƙarin 600, ko 300 ga ƙaramin kamfani. Ana iya biyan kuɗin gaggawa a samu amsa cikin kwana 15 na aiki. Daga nan sai kallon jadawalin biza da ma'aikatar harkokin waje ke fitarwa kowane wata, har ranarka ta zo.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar I-140 da aka amince da ita a matsayin izinin zama. Ba ta ba ka zama, ba ta ba ka izinin aiki. Dole ka riƙe wata biza mai rai har ranar da za ka iya aika I-485. Ɗalibi na da wata 12 na aiki bayan karatu, da ƙarin 24 in fannin kimiyya, fasaha, injiniyanci ko lissafi ne. Wata 36 ba kullum ke isar PERM da layi ba, wata 12 kuwa ba ya isa sam. Gadar ita ce H-1B, mai gurbi 85,000 a shekara da ake rabawa ta ƙuri'a, sai jami'o'i da cibiyoyin bincike marasa neman riba da ba sa shiga ƙuri'ar. A Satumban 2025 an ɗora dala 100,000 a kan sabuwar H-1B ta wanda ke waje, abin da ya sa ɗauko ma'aikaci kai tsaye daga Yamai ya ƙara wuya. H-1B shekara 6 ce, ana tsawaita ta in an aika PERM aƙalla kwana 365 kafin ta ƙare. In aka sallame ka, kwana 60 gare ka ka samu wani kamfani.

Raunin wannan hanya ke nan: PERM na kamfani ɗaya ne, aiki ɗaya, gari ɗaya. In ka bar su ko suka rage ma'aikata, sabon kamfani daga farko zai fara. Abin da ke tsira shi ne lambar layi, muddin an riga an amince da I-140. Ƴanci na zuwa ne bayan I-485 ta yi kwana 180 a hannun hukuma, lokacin kana iya komawa wani aiki irin wannan ko makamancinsa.

Dipilom ɗinmu ma sai an kula. Lisans ta shekara 3 wuri ne na gardama, domin digirin farko a Amurka shekara 4 ne, kuma a EB-2 ba a cike giɓin karatu da shekarun aiki. A kai takardu wajen masu auna dipilom kafin kamfani ya rubuta sharuɗɗan aikin, ba bayan ya rubuta ba. Ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi an ɗauke musu cigiyar PERM, amma sai sun ci jarrabawar sana'arsu, NCLEX ga masu jinya, da ta Turanci, sun samu shaidar VisaScreen ta tantance takardun sana'arsu, sannan su bi layi kamar kowa. Ga wanda ya yi karatunsa da Faransanci, Turancin ne yakan fi cin lokaci.

Masu cewa a Yamai "kawo miliyan kaza in samo maka kamfani", a yi hattara da su. Doka ta hana kamfani karɓar ko sisi daga ma'aikaci kan PERM, har kuɗin lauya da na talla. Kawu mai shago a Bronx ma ba mafita ba ce mai sauƙi: dole a bayyana dangantakar a takarda, dole takardun harajinsa su nuna zai iya biyan albashin da aka yanka tun daga ranar da aka ajiye PERM, kuma in ɗan'uwa na kusa ne mai kashi 5 cikin ɗari na kamfanin ko fiye, sai ya cike I-864 shi ma.

Rukunai biyu ne cikin waɗannan mutum ke nema wa kansa ba tare da kamfani ba, kuma mai dokta ko masta da rubuce-rubucen bincike ya kamata ya dube su da kyau. EB-1A na buƙatar cika aƙalla 3 cikin sharuɗɗa 10 na shahara. NIW, reshen EB-2 da ake yafe PERM saboda amfanin ƙasa, tun hukuncin Dhanasar na 2016 abu uku take nema: aikin na da daraja da muhimmanci ga ƙasa, kai ne ka dace ka ciyar da shi gaba, kuma ya fi wa Amurka amfani a yafe maka PERM. Masu bincikenmu kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, noman tudu ko zazzaɓin cizon sauro sukan cika takarda da amfanin da Sahel za ta samu. Amfanin Amurka ake tambaya, a nuna yadda aikin ya shafi manomansu, ruwansu ko lafiyarsu.

To, wacce?

Wanda ya shiga da biza, aurensa da ɗan ƙasa na gaskiya ne kuma zaman lafiya ake yi, hanyar aure ta fi masa ta kowace fuska: ba layi, ba ƙuri'a, ba ruwansa da ko kamfani ya ci riba. Tana kuma da yafiyar da ta aiki ba ta da ita. Ko ya wuce wa'adin bizarsa da shekaru, ko ya yi aiki ba izini, yana iya gyara zamansa a ciki. A ta aiki, kwana 180 kawai ake yafewa. A auren mai girin-kad kuwa babu yafiya ko ta kwana ɗaya, shi ya sa wannan auren bai fi hanyar aiki da wani abin kirki ba ga wanda ke ciki, sai mai neman ya zama ɗan ƙasa.

Wanda aurensa ke rawa, ko bai ma yanke shawarar auren ba, kada ya ɗora kati a kansa. Katin aiki na shekara 10 ne kai tsaye, ba sharaɗi, ba I-751, ba mai yi masa gori a gida. Ba kuma asarar lokaci yake yi ba wajen zama ɗan ƙasa: ƙa'idar shekara 3 maimakon 5 ta wanda ke zaune da mata ko miji ɗan ƙasa ce tsawon shekara 3 yana riƙe da kati, ko ta wace hanya katin ya zo.

Mai iyali a gida, hanyar aiki ce tasa, kuma ta fi kyau ga yara. Mata da ƴaƴa marasa aure ƴan ƙasa da shekara 21 suna bin uba a dosiye ɗaya. A auren ɗan ƙasa kuwa kowane agola sai an cike masa I-130 tasa, kuma sai in an ɗaura auren kafin ya kai 18. Saurayin da ke da budurwa a Tawa kuma katinsa na aiki ya kusa fita, ya lura da kwanan wata: in aure ya tabbata kafin ranar da aka ba shi katin, matar na bin sahunsa a rukuninsa. In bayan ranar ne ko da kwana ɗaya, ta faɗa layin F2A. Mai mata biyu ya ga lauya kafin ya cike komai, domin niyyar zama da mace fiye da ɗaya a can dalili ne na hana shiga.

Wanda ya bi ta Nikaragwa da Meziko ya tsallaka ba tare da jami'i ya ba shi izinin shiga ba, ko ya auri ƴar ƙasa ba ya gyara zama a ciki. Sai ya nemi afuwar I-601A ya fita ya yi ganawa a waje, fita kuma bayan zaman shekara ɗaya ba izini na jawo haramcin shekara 10, bayan kwana 180 na shekara 3, ga rufe ƙofar da ke kan fasfonmu. Wanda aka sake shi da takardar izinin shiga na wucin gadi hukuncinsa daban ne, don haka takardar da aka ba shi a bakin iyaka ita ce abu na farko da lauya zai nema.

Babu dokar da ta hana bin hanyoyin biyu lokaci ɗaya, kuma ga mai zaɓi na gaske wannan muke ba da shawara. Ka bar kamfani ya ci gaba da PERM, ka riƙe H-1B ɗinka da rai, matarka ta aika I-130. In I-485 na jira a kan ɗaya sai ɗayar ta riga nuna, ana iya rubuta wa hukuma a mai da ita kan waccan. Lauyan kamfani kamfani ne ke biyansa, maganar aurenka ka kai wa naka, kuma lauya mai lasisi ko wakilin da ma'aikatar shari'a ta amince da shi, ba mai cike takardu na unguwa ba. Duk sauyin gida a sanar da USCIS cikin kwana 10, domin wasiƙar ganawa da ta ɓata a tsohon adireshi tana kashe dosiye.

Dangi a Yamai da Tawa kuma akwai aikin da za su fara tun yanzu, ko ƙofa na rufe. A ciro cikakken kofin takardar haihuwar kowa daga merin da aka rubuta ta, a jera ta da fasfo, dipilom da takardar aure a ga ko harafi ɗaya ya saɓa, in ya saɓa a gyara ta jastis. A nemo katin rigakafin yara. A fassara komai zuwa Turanci da shaidar mai fassara. Kaziye, takardar shaidar rashin laifi, wanda ake nema ga duk mai shekara 16 zuwa sama, a bar shi sai an ga alamar ranar ganawa ta matso, domin yana tsufa, kuma wanda ya yi shekara ɗaya ko fiye yana bida a Abijan, Libiya ko Aljeriya, sai ya nemo na can ma.